Wane suna za mu ba FGM (female genital mutilation, abin da aka saba kira kaciyar mata) da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan rediyo, ina neman shawararku. Duk ranar 6 ga Fabrairu sai mu ji ana cewa "ranar yaƙi da kaciyar mata". Ni dai kalmar kaciya ba ta kwanta mini ba a nan.

2/ A kunnen Bahaushe kaciya abin alheri ce: sunna ce, tsarki ce, yaro ya warke a yi masa barka. In ka ɗora wannan suna a kan aikin da ke sa yarinya zubar da jini har rai ya yi halinsa, ko ya jefa mace cikin wahalar haihuwa, ai ka riga ka wanke shi tun kafin ka fara magana.

3/ Ga inda ya fi damuna. Tambayi tsohuwa a ƙauye ko ana kaciyar mata, za ta ce "mu ba ma yi", kuma iya gaskiyarta ke nan. Amma wanzami na cire wa jaririya angurya, wato wani ɗan nama a cikin gabanta. Ana yi wa mai doguwar naƙuda yankan gishiri, wato a tsaga cikin gabanta da aska, haka ma amaryar da saduwa ke yi wa zafi. Aska kan zarce ta taɓa mafitsara, mace ta ƙare da yoyon fitsari, wata ma miji ya sake ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa irin waɗannan a nau'i na huɗu na FGM, mu kuwa kalmarmu ta bar su a waje.

4/ A 2024 UNICEF ta ce mata da 'yan mata sama da miliyan 230 aka yi wa FGM. A Somaliya kusan kowace mace. Can da Sudan har ɗinke gaban ake yi, wai don tsare budurci da samun miji. Nijar ta haramta a 2003, Najeriya a 2015, Sudan a 2020. Muna buƙatar sunan da zai haɗa ɗinkin can da gishirin nan.

5/ "Nakasa al'aurar mata" ya fi kusa da ma'anar Turancin, sai dai ba zan iya duban idon wadda aka yi wa in kira ta nakasasshiya ba. Na fi karkata ga "yankan al'aurar mata", a riƙa bin sa da ambaton gishiri da angurya a kowane shiri.

6/ Ungozomomi da ma'aikatan jinya, musamman na Damagaram da Maraɗi, da 'yan uwanmu na Sudan: me matan da ke zuwa wurinku suke kiran sa da bakinsu?