Bayan sassauta dokar kulle: abin da na tsinta a hirarmu

Da aka sassauta dokar kulle ta korona, mun zauna da maƙwabta mun yi ta musayar shawara. Kusan baki ya zo ɗaya cewa buɗe gari ba shi ne tafiyar cutar ba. A lokacin, hukuma takan sassauta ne mataki-mataki, kuma in masu kamuwa suka ƙaru tana iya mayar da dokar. Don haka aka ce a bi sanarwar hukumar lafiya ta yankin da mutum yake, a rabu da saƙon WhatsApp da ba a san tushensa ba.

An fi daɗewa a kan tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini, domin su cutar ta fi kayarwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in za a kai musu ziyara a zauna a waje, ko a buɗe tagogi, a bar tazarar aƙalla mita 1. Ta kuma yi tsiya ga masu rataye takunkumi a haɓa, hanci a waje. Ni kaina sai da na gyara nawa.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 yana nan daram. Mai zazzaɓi ko tari ya zauna a gida, ya nemi gwaji.

Batun taimako kuwa, shawarar da aka bayar a lokacin ita ce a tambayi asibitin kusa ranakun rigakafi, a kuma nemi ƙungiyoyin da ke raba abinci ga waɗanda kulle ya karya wa jari. Shawarar da ta fi burge ni ita ce a rubuta lambobin wayarsu da manyan baƙaƙe a takarda, a manna a ƙofar tsohon da ba ya shiga intanet.