Neman kalmar Hausa: wane suna za mu raɗa wa motar haibirid?

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu sha'awar motoci a nan Bauchi suka fara waiwayar motocin da a da ake gudu, wato waɗanda aka rubuta wa Hybrid a baya, makanikai da dillalai kuma suke furtawa haibirid. Ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar mata da sunan Hausa, kuma ba za mu dace da suna ba sai mun fara fahimtar yadda take aiki.

Motar tana ɗauke da injin fetur, da injin lantarki, da babban batir wanda ya bambanta da ƙaramin da muka saba gani. Idan ana tafiya a hankali, kamar a cunkoson Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal, injin lantarki ne yake jan ta, na fetur kuma yakan mutu ya huta. Idan aka hau babban titi na fetur ya tashi, idan kuma ana hawan tudu ko za a wuce tirela sai su haɗa ƙarfi su biyun. Batirin ba ya jiran wutar gida, domin injin fetur yana cika shi, sannan duk lokacin da direba ya taka birki ko yake gangarowa, kamar mai saukowa daga Jos zuwa Bauchi, injin lantarkin yakan juye ya zama janareta ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir maimakon ya salwanta a zafin birki. Shi ya sa sauƙin shan fetur ɗinta ya fi bayyana a cikin gari. Kamfanin Toyota ne ya fara kai irin wannan mota kasuwa da yawa, da Prius a Japan a 1997, Honda ta biyo baya da Insight a 1999.

Wani malaminmu daga Gombe ya kawo shawarar a ce mata ruwa biyu, kuma da yawa sun karɓa saboda daɗin faɗa. Allah ya ƙara wa malam lafiya, amma ina da ja. Yanzu akwai motocin da ake sauya wa tsari su yi aiki da gas da fetur, kuma su inji ɗaya ne gare su, abin shan ne iri biyu. Haibirid kuwa abin shanta ɗaya ne, fetur, masu jan ta ne biyu. Duk wanda ya ji ruwa biyu a gidan mai, tunaninsa zai tafi ga abin da ake zubawa a tanki, saboda haka a ganina a bar wa motocin gas wannan suna, ya fi dacewa da su. Karɓa-karɓa ma an ambata, sai dai ta nuna ɗaya yana aiki ɗaya yana jira, alhali injinan sukan yi aiki tare. Barbarar yanyawa kuwa zagi ce, babu dillalin da zai kira hajarsa haka. Motar haɗaka za a ɗauka ta mutum biyu ce da suka haɗa kuɗi suka saya.

Ni abin da na fi natsuwa da shi shi ne 'yar aure. Manomanmu sun riga mu, domin idan aka yanko reshen wani mangwaro aka ɗaura a jikin wani har suka zama bishiya ɗaya, ɗan aure ake ce masa, kuma kowa ya san ana nufin asali biyu da aka haɗa domin a sami amfanin kowanne. Kalmar Turancin ma daga wajen haɗa irin dabbobi da tsirrai aka aro ta aka ba mota. Na san wani zai ce ai za a zaci motar da aka ba amarya ce, amma waccan motar amarya ake ce mata, kuma babu wanda ya taɓa zaton an yi wa mangwaro biki.

Wani abin da ya ƙara ja na ga wannan suna shi ne yana karɓar ƙari, kuma muna buƙatar hakan domin kamfanonin ba hanya ɗaya suka bi ba. Akwai wadda batirinta ya fi girma, ake jona ta da wutar gida ta yi tafiya mai ɗan nisa ba tare da ta taɓa fetur ba, kamar Outlander ta Mitsubishi da ta fito a 2013. Wannan sai mu ce 'yar aure mai jonawa. Kamfanin BYD na Sin, wanda ya daina ƙera motar fetur zalla a 2022, irinta yake yi tare da masu lantarki zalla. Nissan kuma a 2016 ta fito da tsarin e-Power, inda injin fetur ba ya juya taya ko kaɗan, aikinsa kawai samar da wuta; wannan 'yar aure mai janareta ce. Toyota ta daɗe tana shan suka a kan jinkirin komawa lantarki zalla, ita kuwa ta dage a kan nata tsarin, har sabuwar Camry ta 2025 ta fito a Amurka babu ta fetur zalla. Ga mai zama inda wuta ba ta tsayawa kuma babu wuraren caji a kan hanya, wannan dagewar ta yi daidai, kuma mai jonawar ba za ta biya kuɗinta ba sai ga wanda yake da sola a gida.

Ku gwada sunan a bakinku: «Alhaji ya sayar da tsohuwar ya sayi 'yar aure», ko «batirin 'yan aure yana da tsada». Makanikan Bauchi da Gombe da suke kwance waɗannan motoci, ku ne za ku gaya mana ko ya zauna. Sannan har yanzu muna neman sunan birkin nan mai mayar da wuta cikin batir. Ni na kawo birki mai caji, ina sauraron naku.