Sauke jirgi a hankali a kwamfuta: shawarwarin 'yan Agege

Samarin Agege masu tuƙa jirgin sama a wasan kwamfuta na Microsoft Flight Simulator sun tattauna yadda ake sauke Boeing 737 a filin Murtala Muhammed ba tare da an maka shi da ƙasa ba. Yawancinsu sun ce tun daga nesa ake gyara sauka: kafin ka sauko ƙafa 1,000 daga ƙasa, gudu ya daidaita, tayoyi sun fito, kana gangarowa kamar ƙafa 700 a minti. Fitilun gefen titin jirgi su nuna fari biyu, ja biyu, alamar kana gangarowa daidai.

Wajen ƙafa 20, ɗaga hanci kaɗan, janye wuta, idonka a can ƙarshen titi. In jirgin ya karkace, sake tashi kawai. Kan tuƙi da linzamin kwamfuta aka yi saɓani. Ni dai sandar tuƙi na fi yarda da ita.