Bangon hanjin ɓerayena yana saɓulewa, tsutsa ce ko wajen gyara samfuri ne matsalar?

Salam jama'a, masu aikin lab don Allah a taimaka. Ina furojet a nan Kaduna kan yadda tsutsar Heligmosomoides ke lalata bangon ƙaramin hanji a ɓerayen gwaji. Abin da nake sa ran gani shi ne 'yan tsiron nan masu kama da yatsu (villi) da ke jere a bangon cikin hanji sun gajarce, ƙwayoyin da ke fitar da majina kuma sun ƙaru, musamman a farkon hanji kusa da tumbi inda tsutsar ta fi zama.

To amma duk silayid ɗin da na sa a maikroskof sai in ga fatar saman yatsun ta saɓule ta zube cikin ramin hanji, kuma abin da ya fi tayar min da hankali har ɓerayen da ban ba tsutsa ba haka nasu yake, kenan ba ni da abin kwatantawa.

Ina sa hanjin a fomalin (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa) kashi 10 na awa 24, rini kuma H&E (hematoxylin da eosin). Na canza sabon fomalin, na canza wuƙar yanka, na rage kaurin yankan zuwa maikron 5, duk ɗaya. Sai dai hanjin a rufe nake jefa shi ban tsaga ba, kuma yakan ɗan jira a kan tebur cikin zafin nan kafin in gama ƙirga tsutsotsi. Ɓerayen da suka rage min kaɗan ne wallahi.

Ta yaya kuke shigar da fomalin cikin hanjin da wuri ba tare da kun wanke tsutsotsin da za a ƙirga ba?