Shin Dandaƙa Za Ta Rage Fyaɗe, Ko Matsalar Tana Wani Wuri Ne?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a kan gyaran dokar Jihar Kaduna, wadda ta tanadi dandaƙa da hukuncin kisa ga wanda ya yi wa yarinya ko yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, bayan da gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin a watan Yuni na wannan shekara. Tambayata ita ce, mene ne ainihin abin da ke haddasa wannan ta'asa, kuma shin tsananta hukunci shi ne maganinta?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina tushen abin lalacewar tarbiyya ce, da shaye-shaye, da kallon batsa a waya, sannan da irin shigar da wasu 'yan mata ke yi. Hukunci kuwa ina goyon bayan mafi tsanani, domin wasu malaman Malikiyya sun ɗauki fyaɗen da aka yi da makami a matsayin hiraba, wato daidai da fashi, suna masu cewa ƙwace mutunci ya fi ƙwace dukiya muni.

Uwar Biyu:
Baban Khalifa, na yarda da batun shaye-shaye, amma ina roƙonka ka janye maganar shiga. Wace shiga 'yar shekara huɗu ta yi? A Kwanar Dangora ta Jihar Kano, a shekarar 2020, 'yan sanda sun kama wani mutum da ake zargi da haurawa gidaje yana yi wa mata kusan 40 fyaɗe, har da tsohuwa mai shekara 80, kuma a cikin ɗakunansu ya same su.

Ina aikin jinya, kuma abin da na fi gani shi ne mai laifin ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko mai shagon da ake aiken yarinya wurinsa, ko ɗan'uwan da ke kwana a soro. An taɓa kawo mana wata 'yar talla bayan kwana biyar, an riga an yi mata wanka da ruwan zafi, an wanke zanenta, shaida ta tafi, kuma awa 72 da maganin kariya daga HIV yake aiki a cikinsu sun wuce. Da muka ce a kai maganar ga hukuma, kakarta ta riƙe hannuna tana cewa, “Ki rufa mana asiri, wa zai aure ta?” Kafin mako ya zagayo dattawan unguwa sun zauna, an karɓi kuɗin magani, an ce an yafe. Mutumin yana nan a shagonsa.

Ɗalibin Shari'a:
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba, domin akwai dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, mai tanadin ɗaurin rai da rai, kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ta buɗe rajistar masu irin wannan laifi tun 2019. Tsorona game da hukuncin kisa shi ne, idan mai laifin kawun yarinya ne, dangi za su ƙara ɓoye maganar don kada a ce su suka kai nasu ga igiya, kuma shi kansa mai laifin yana iya kashe yarinyar don kada ta yi magana. Ga shi gwamnoni ba kasafai suke sa hannu a zartar da kisa ba.

Baban Khalifa:
Hajiya, na janye maganar shiga, Allah Ya huci zuciyarki. Amma ban sauka daga kan tsananin hukunci ba. Abin da zan ƙara shi ne a hukunta duk mai unguwa ko dattijon da ya jagoranci irin wannan sulhu, kuma gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin gwajin asibiti da na zirga-zirgar kotu, domin talaka ba zai iya jure ɗage zama sau goma ba.