Rigar layukan nan: ta ina kuka fara sanin Joy Division?

Ɗan Gwanjo: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ina saka wata baƙar riga da na tsinta a dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, mai fararen layuka kamar jerin tsaunuka. Ni dai zanen ne ya burge ni. Ran nan abokin ƙanena ya ce, "Yaya, ashe kana jin Joy Division?" Na ce wane ne kuma haka? Ashe ƙungiyar mawaƙa ce ta Ingila, zanen rigar kuma bangon faifansu na farko ne, Unknown Pleasures na 1979, layukan kuma siginar rediyo ce daga wani tauraro, CP 1919. Na nemo na kunna, a waƙa ta biyu na kashe. Murya sai ka ce zaman makoki. Ku fa?

Baƙon Salford: Hahaha, ba a rana tsaka ake jin su ba, malam. Ni hunturuna na farko a Manchester ne, ƙarfe huɗu gari ya yi duhu, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Dattijon da nake haya a gidansa ya ce ya kalle su tun 1977, lokacin sunansu Warsaw. Shi ya ce in daina bin muryar, in bi jitar bas ta Peter Hook, don ita ke jan waƙar. Gangunan Stephen Morris kuwa, furodusansu Martin Hannett ya haɗa su kamar a ɗakin da babu kaya ake bugawa. Daga nan kunnena ya buɗe. Har Macclesfield, garin mawaƙinsu Ian Curtis, na je a jirgin ƙasa. Dutsen tunawa da Ian Curtis ɗan mitsitsi ne a bakin hanyar maƙabarta, sau biyu ina wuce shi. An rubuta ranar rasuwarsa, 18-5-80, da sunan waƙarsu, "Love Will Tear Us Apart".

Anti Nas: Ni ta wajen aiki na san Ian Curtis. Ina duba masu farfaɗiya, sai na ci karo da labarinsa. A farkon 1979 aka tabbatar yana da ita, kuma takan kayar da shi a kan dandamali, wasu 'yan kallo su ɗauka salon rawa ne. "She's Lost Control" a kan wata mata ce mai irin ciwon da ya sani ta wurin aikinsa. Na ji ta sau ɗaya, fuskar wata yarinya da iyayenta suka ɓoye a ɗaki ta faɗo mini, ban sake ba. Yana da shekara 23 ya kashe kansa, ana shirin tafiyarsu ta farko Amurka. Faifansu na biyu, Closer, ya fito bayan wata biyu.

Tsohon Kaset: Ni ta baya na shigo. "Blue Monday" ta 1983 na cikin kaset ɗin yayana, muna tiƙar rawa ba mu san komai ba. Sai da na girma na gane New Order, masu waƙar, su ne ukun da suka rage a Joy Division, Bernard Sumner ya karɓi waƙa, suka ƙara Gillian Gilbert. Anti, ki yi haƙuri, ni har gobe na fi son ɓangaren rawar.

Ɗan Gwanjo: To in koma wa na farkon ne, ko in gwada Closer?

Baƙon Salford: Na farkon, da daddare, da abin kunne. Closer sai ka shirya. Kuma rigar nan in ba ta koɗe ba, ina ciniki.