Da gaske kifin bass yana cin ɗan'uwansa? Kuma wane launin koto zan ɗaura?

Sani Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum masu fatsa. Yayana da ke Amurka ya aiko min da akwatin koton roba, irin mai siffar ƙaramin kifi da ƙugiya a cikinsa. Akwai fari, akwai ja, akwai baƙi wuluk, sai wani kore mai baƙin layi a gefe. Ya ce koren nan kamannin ɗan kifin bass aka yi masa, wani kifin can Amurka mai babban baki, wai don manyan suna cin ƙananansu. Abin ya tsaya min a rai. Haka ne? Kuma wanne zan ɗaura in na je dam ɗin Lamingo ko kududdufan haƙar kuza na Rayfield a nan Jos?

Malam Iliya:
Wa alaikumus salam. Yayanka ya faɗi gaskiya. Namijin ne ke share gurbi a ƙasan ruwa, ya tsare ƙwai, ya yi gadin 'ya'yan bayan ƙyanƙyashewa. Da sun fara watsewa gadi ya ƙare, duk wanda ya gifta ta bakinsa ya zama abinci. Ba ya tauna, haɗiya yake yi, har kifin da ya kai sulusin tsawonsa ko fiye. Shi bai san dangi ba, abin da bakinsa zai ɗauka kawai yake dubawa.

Batun launi kuwa, idonsa ya fi rarrabe ja da kore. Shuɗi da baƙi kusan ɗaya yake ganinsu. Sannan ja ne ke fara dushewa idan koto ya yi zurfi. Amma ka tuna asalin kifin nan Arewacin Amurka ne, domin shi aka ƙera kayan da ke hannunka.

Maman Hanifa:
Malam, ai ba sai an je Amurka ba. Tarwada nake kiwo, kuma in ka bar ƙanana wuri ɗaya ba ka tace su ba, 'yan kaɗan za su yi wa saura fintinkau su cinye su. Da idona na ga ɗaya yana iyo da wutsiyar ɗan'uwansa tana leƙowa daga bakinsa, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa. Yunwa da bambancin girma ke jawo haka.

Baba Ɗanladi:
Sani, yaro, duba ruwa kafin ka duba akwati. Da damina ruwanmu ja yake da laka, kifi ba ya hangen nesa, sai ka sa baƙi ko mai kaɗawa da ƙara, don yana jin motsi ta gefen jikinsa. Da rani in ruwa ya kwanta ya yi garau, sa fari ko mai walƙiya, ka riƙa ja a hankali kana tsayawa. A wurina yadda kake jan zaren ya fi launin tasiri.

Sai dai karfasa da tarwada za ka fi samu a nan. Tarwada da sansana da gashin baki take neman abinci, tsutsar ƙasa (tana) ko hanjin kaza sun fi mata roba. Ajiye akwatin sai ka sauka kogin Binuwai, inda giwan ruwa da tsage suke. In tsage kake nema, ɗaura siririyar waya kafin koton, haƙoransa na yanke zare. Kuma kududdufan kuza suna da zurfi tun daga baki, kada ka je kai kaɗai.

Sani Anguwar Rogo:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wace irin waya ce, kuma ana samunta a kasuwar Terminus?